An ce a yi wa mahaifiyata tiyatar ƙwaƙwalwa, dangi sun ce sai gashin haske a ƙasar waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Tawa ne, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifiyata mai shekara 57 ta yi watanni tana fama da ciwon kai, daga baya hannunta na dama ya fara nauyi, sannan wata rana ta faɗi tana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga asibitin Tawa aka tura mu Yamai, aka yi mata sikana da IRM, wato hotunan da ke nuna cikin kai, sai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya ce ƙari ne a gefen hagu, faɗinsa ya kai santimita 5, yana danne ƙwaƙwalwa, ga alama irin wanda ake kira meninjiyom ne, kuma shawararsa ita ce a yi aiki a cire shi. Kawuna, wanda shi ne yayanta, ya ce ba za a buɗe kan ƙanwarsa ba yana raye. Wani mutum da ke kai marasa lafiya ƙasar waje ya turo mana bidiyon wani inji mai kashe ƙari da haske ba tare da yanka ba, abin da ake kira gashin haske, ya ce mu kawo miliyan 12 na sefa. Dangi suna so a sayar da garkar albasar da mahaifinmu ya bar mana. Matata kuma tana da ciki, tana tsoron kada hasken ya biyo Hajiya gida. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya. Zan fara ba ka amsa a taƙaice, domin na san hankalinka ba a kwance yake ba, sannan in bi maka dalilaina ɗaya bayan ɗaya. Injin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, yana nan, kuma ya amfani mutane masu yawan gaske a duniya. Sai dai ba don kowane ƙari aka ƙera shi ba, kuma ƙarin da ka siffanta mini, mai faɗin santimita 5, wanda ya riga ya danne ƙwaƙwalwa har hannu ya yi nauyi, yana cikin waɗanda likitoci a ko'ina suka fi ba da shawarar a cire su da tiyata. Saboda haka kada ku sayar da garka yanzu, kada ku ba mutumin nan ko dala, kuma kada ku bari makonni su riƙa wucewa ana ja-in-ja a zaure alhali abin yana girma.

Ya kamata ka san yadda injin yake aiki, domin idan ka gane wannan, kai da kanka za ka ga inda iyakarsa take. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Lars Leksell ne ya fito da tunanin wannan hanya a 1951, aka kuma girka injin farko, wanda ake kira Gamma Knife, a birnin Sitokholm a 1968. A cikinsa akwai ƴan gutsattsarin wani ƙarfe da ake kira kobal 60, guda 201 a tsofaffin injuna, 192 a na baya-bayan nan, kowannensu yana fitar da siririn haske wanda ido ba ya gani amma yana ratsa fata da ƙashi. An jera su kewaye da kan majinyaci ta yadda dukan zaren hasken za su haɗu a wuri guda. Ka dubi rijiyar ƙauye wadda hanyoyi ke zuwa gare ta ta kowace kusurwa: kowace hanya siririya ce, ciyawa tana nan tsaye a gefenta, amma bakin rijiyar, inda sawun kowa ya haɗu, ko tsinke ba ya tsira. Haka kowane zaren haske yake wucewa ta lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba tare da ya yi mata wata ɓarna mai yawa ba, sai a mahaɗarsu, inda aka saita ƙarin, ƙarfin ya taru. Akwai kuma wani inji mai suna CyberKnife, wanda likita John Adler na jami'ar Stanford a Amurka ya ƙirƙira, aka fara yi wa majinyaci aiki da shi a 1994. Shi hannu ne mai sarrafa kansa wanda ke kewaya majinyaci yana harba hasken ta fuskoki da dama. Wasu asibitocin kuma suna yin irin wannan aiki da injin gashi na zamani mai samar da haskensa daga wutar lantarki. Sunayen sun bambanta, amma dabarar ɗaya ce.

Ranar aikin, da safe ake yi wa majinyaci allurar kashe zafi a wurare 4, biyu a goshi biyu a ƙeya, a ɗaure masa wani sassauƙan firam na ƙarfe da ƙananan kusoshi don kada kan ya motsa ko kaɗan, ko kuma a yi masa abin rufe fuska na roba wanda aka gasa daidai da siffar fuskarsa. Daga nan a ɗauki sabon hoton IRM, likitan tiyata da likitan gashi da masanin lissafin haske su zauna gaban kwamfuta su zana iyakar ƙarin su ƙayyade yawan hasken, majinyacin yana zaune yana jira. Sannan a kwantar da shi a gadon injin, gadon ya shige da kansa ciki, ma'aikata su fita su rufe ƙofa suna kallonsa ta kyamara suna yi masa magana ta lasifika. Ba ya jin zafi, ba ya jin ƙuna, idonsa biyu, kuma aikin kan ɗauki daga mintoci kaɗan zuwa ƴan sa'o'i. Kuskuren saitin bai kai milimita 1 ba. Yawancin mutane a ranar ko washegari suke komawa masauki. Duk wanda ya ga wannan, kuma aka ce masa ɗaya zaɓin shi ne a buɗe ƙoƙon kan mahaifiyarsa, dole zuciyarsa ta karkata gare shi, kuma ban ga laifin kawunka ba da ya ji haka.

To amma ga abin da bidiyon bai nuna muku ba. Hasken ba ya fitar da ƙarin daga cikin kai. Majinyaci da ƙarinsa yake shiga injin, da shi kuma yake fitowa, girmansa bai ragu ko kaɗan ba a wannan rana. Abin da hasken yake yi shi ne lalata tsarin gado da ke cikin ƙwayoyin ƙarin har su kasa hayayyafa, ya kuma sa ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi su toshe sannu a hankali. A ƙari irin meninjiyom, nasarar da likitoci ke nema ita ce ya daina girma. Wasu kan motse kaɗan cikin shekaru, wasu kuma su tsaya yadda suke har ƙarshen rayuwar mutum. Wannan ya wadatar idan ƙarin ƙarami ne kuma bai takura wa komai ba. Amma matsalar Hajiya a yau ita ce dannewa: ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa ya ba da wuri, kuma wani abu mai girman ƙwan kaza yana zaune a kan sashen da ke motsa hannunta na dama. Ko da hasken ya tsayar da girmansa gaba ɗaya, nauyin yana nan inda yake. Bayan wannan kuma, bayan gashi ƙwaƙwalwar da ke kewaye da wurin takan kumbura na makonni ko watanni, kuma wanda kansa ya riga ya cika da matsi, ƙaruwar kumburi na iya jefa shi cikin haɗari.

Wannan ne ya sa aka yi wa gashin rana ɗaya iyaka da ƙarin da faɗinsa bai wuce kimanin santimita 3 ba. Kada ka ga tsakanin 3 da 5 kamar tazara ce ƙarama, domin a lissafin cika, ƙwallo mai faɗin santimita 5 ya ninka mai santimita 3 fiye da sau huɗu da rabi. Duk lokacin da ƙari ya ƙaru, lafiyayyar ƙwaƙwalwar da ke gefensa wadda hasken zai taɓa ita ma ƙaruwa take yi, har a kai inda yawan hasken da zai kashe ƙarin ya zama mai cutar da abin da ake son a tsare. Haka nan idan ƙari ya manne da jijiyar gani, ba a iya yi masa gashi mai ƙarfi a zama ɗaya, domin wannan jijiya ba ta jure hasken da ya wuce kimanin Gray 8 zuwa 10 a lokaci guda, alhali meninjiyom kan buƙaci Gray 12 zuwa 16. Gray shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha.

Inda wannan inji ya yi fice kuwa, babu mai ja da shi. A ƙananan meninjiyom marasa zafin girma, musamman waɗanda ke can ƙasan ƙoƙon kai inda hannun likita ke wahalar isa, kusan 9 cikin 10 sukan daina girma har bayan shekara 5. Haka ma ƙarin da ke fitowa a jijiyar ji, da wasu ƙananan ƙari na ciwon daji da suka yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa daga nono ko huhu. Yana kuma da amfani sosai bayan tiyata, idan likita ya cire mafi yawan ƙari ya bar ɗan guntu da gangan saboda ya manne da babbar jijiyar jini. Ka riƙe wannan na ƙarshen da kyau, domin mai yiwuwa nan ne hanyar Hajiya za ta haɗu da wannan inji, idan ma za ta haɗu da shi.

A cikin wasiƙarka akwai abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Meninjiyom daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, yana tura ta gefe, kuma galibi ba ya cuɗanya da namanta. Ya fi kama mata fiye da maza, ya fi yawa daga tsakiyar shekaru zuwa sama, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na mataki na 1 ne, wato marasa zafin girma waɗanda ba ciwon daji ba ne. Idan yana saman ƙwaƙwalwa kusa da ƙashi, yana cikin waɗanda suka fi sauƙin cirewa, kuma idan aka cire shi gaba ɗaya mutane da yawa sukan warke su koma harkokinsu, hannun da ya yi nauyi ma yakan dawo ko ya samu sauƙi idan ba a makara ba. Sai dai ka lura likitan cewa ya yi “ga alama”. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ciro naman an kai ɗakin gwaji an duba shi da madubin likita ake sanin ainihin irinsa da matakinsa, ko na 1 ne, ko na 2, ko na 3, kuma wannan sakamako ne yake faɗin ko akwai buƙatar gashi daga baya. A ƙasashenmu ma akwai wani dalili na daban da ke sa a yi hattara, domin tarin fuka kan yi dunƙule a cikin kai wanda a hoto yake kama da ƙari, kuma maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne. Tiyata tana ɗauke nauyin nan take, tana kuma ba da naman da za a gwada, abubuwa biyu da haske ba ya iya yi.

Akwai kuma wani nau'in gashi dabam, wanda ake raba hasken kashi-kashi ana bayarwa kullum, kwana 5 a mako, har kimanin mako 6. Ga meninjiyom akan ba da jimillar Gray 50 zuwa 54 a zama 28 zuwa 30, kowane zama na ƴan mintoci. Hikimar rabawar ita ce lafiyayyun ƙwayoyi suna gyara kansu tsakanin yau da gobe fiye da yadda na ƙari ke iyawa, don haka wannan hanya tana karɓar ƙari mai girma ko wanda ke kusa da jijiyar gani. Ita ake komawa gare ta idan tiyata ba za ta yiwu ba saboda tsufa ko ciwon zuciya ko wurin da ƙarin yake, ita kuma ake yi bayan tiyata ga masu zafin girma. Tana kawo gajiya, suma takan zube a inda hasken ya bi, fatar wurin takan yi ja, kuma a wasu mutane kaɗan naman ƙwaƙwalwar da ya sha haske kan lalace bayan watanni ko shekaru. Ita ma dai ba ta ɗauke dannewa da sauri. Tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi, wanda shi ne na farko na gwamnati a Nijar, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Ma'anar wannan gare ka ita ce akwai likitocin gashi a cikin ƙasa waɗanda za su iya duba dosiyen Hajiya su faɗa muku da bakinsu ko haske ya dace da ita, kuma wane iri. Ka roƙi likitan tiyata ya rubuta muku takarda zuwa gare su. Idan mai injin gashi da kansa ya ce a fara da tiyata, wannan magana ce da za ta yi nauyi a kunnen dangi.

Ba zan ɓoye maka ba, tiyatar ƙwaƙwalwa aiki ne babba. Ana iya zubar da jini mai yawa, domin meninjiyom ƙari ne mai jijiyoyin jini. Ana iya samun ciwo ya shiga wurin. Hannun na iya ƙara rauni. Kuma tun da a gefen hagu yake, inda cibiyar magana take ga yawancin mutane, harshe na iya taɓuwa na ɗan lokaci ko na dindindin. Akwai kuma waɗanda ba sa tashi. Likitan kirki ba zai ji haushi ba idan ka tambaye shi waɗannan abubuwa, don haka ka koma da takarda da alƙalami. Ka tambaye shi a wane wuri daidai ƙarin yake, ko yana sa ran cire shi duka ko zai bar wani sashe, sau nawa yake yin irin wannan aiki, kwana nawa za ta yi a ɗakin kulawa ta musamman, leda nawa na jini za a tanada, ina za a kai naman gwaji, da kuma abin da zai faru idan aka jinkirta wata 3 ko wata 6. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce dangi ba su yi ba, domin suna auna haɗarin tiyata da zaman lafiya, alhali abin da ke ɗaya gefen ma'aunin shi ne ƙari mai ci gaba da girma. Kana da ikon neman ra'ayin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na biyu a nan Yamai, kuma yin hakan ba raini ba ne ga na farko.

Game da kawunka, kada ka tunkare shi da gardama a gaban mutane, kuma kada ka nuna masa cewa kai ka yi boko shi bai yi ba. Tsoron rasa ƙanwarsa ne yake magana da bakinsa, kuma mai yiwuwa ya taɓa ganin wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata bai fito ba. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka ce masa: “Kawu, ba zan yanke komai ba sai da kai, amma ina roƙon ka zo mu je Yamai ka ji daga bakin likita, ka kuma ga hoton da idonka.” Ka biya masa kuɗin mota. Wanda ya ga farin dunƙulen nan a hoton IRM, ya ga yadda ya ture ƙwaƙwalwa gefe, yakan fahimci abin da bayanin baki bai isar masa ba. Idan akwai malamin da yake jin maganarsa, ka sa shi cikin zancen tun da wuri, a yi istihara, a ci gaba da addu'a da sadaka, neman magani kuma yana tafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsayar da maganin asibiti don ana jiran sakamakon rubutu ko turare, ko a kai ta a yi mata tsaga ko ƙaho a kai.

Shi kuwa mutumin da ya turo bidiyo, abin da ya fi damuna game da shi shi ne ya yanke kuɗi tun kafin wani likita ya ga hoton. Injunan nan suna nan a Alƙahira da Rabat da Afirka ta Kudu, suna nan a Indiya da Turkiyya, kuma asibitin da ya san abin da yake yi ba ya karɓar majinyaci sai ya ga ainihin hotunan IRM, waɗanda ke cikin faifan da aka ba ku ko za ku iya nema a inda aka ɗauka. Idan kuna son ku gwada wannan ƙofa don zuciyar dangi ta natsu, ku aika hotunan da rahoton likita kai tsaye zuwa asibitin, ku nemi amsa a rubuce mai ɗauke da sunan likita da sa hannunsa, wadda ta faɗi irin aikin da za a yi, da yawan zama, da ƙiyasin kuɗi. Kuɗi kuma asusun asibiti ake zuba su, ba hannun ɗan tsakiya ba. Ina kyautata zaton amsar da za ta dawo muku ita ce a fara da tiyata, kuma abin baƙin ciki ne iyali su sayar da abin hannunsu, su isa can, sannan a faɗa musu abin da aka riga aka faɗa musu a Yamai, kuɗin tiyatar can kuma ya ninka abin da suka zo da shi. Ka haɗa da biza da tikitin mutum biyu da masauki da tafinta, ka kuma tuna cewa bayan kowane irin magani za a riƙa maimaita IRM, da farko bayan ƴan watanni, daga baya shekara-shekara. Garkar nan ita ce za ta biya waɗannan, ita ce kuma ke ciyar da ƙannenka, kuma da yake gado ce, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta wanda ba a sayarwa sai da yardarsa. Idan har likitoci suka tabbatar a rubuce cewa maganin Hajiya sai a waje, ku fara tambayar asibitin yadda ake shigar da takardun neman a fitar da majinyaci ta hannun hukuma, sannan a yi zancen sayar da wani abu.

Ka faɗa wa maiɗakinka ta kwantar da hankalinta. Na san mutanen Tawa, da suka daɗe suna ganin manyan motoci a kan hanyar Arlit suna kuma jin labarin yuraniyom, suna da dalilin ɗar-ɗar da duk abin da aka ce haske ne mai ratsa jiki. Amma a gashin da ake yi daga wajen jiki, ko na rana ɗaya ko na mako 6, ba a sa wa majinyaci komai a ciki, kuma da zarar an rufe injin babu sauran haske a jikinsa ko tufafinsa. Hajiya za ta iya cin abinci a kwano ɗaya da surukarta, ta kuma goya jikanta. Abin da aka hana mai ciki shi ne shiga ɗakin injin kawai. Ƙarin kansa ma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Kafin a kai ga yanke shawara, akwai abubuwan da ke hannunka yau. Mai yiwuwa an rubuta mata maganin hana jijjiga da kuma deksametazon mai rage kumburi. Kada ɗayansu ya yanke, kuma kada a tsayar da su farat ɗaya, domin tsayar da na farko kan dawo da jijjiga mai tsanani, na biyun kuma sai an riƙa rage shi a hankali bisa umarnin likita. Deksametazon yakan sa majinyaci ya ji sauƙi cikin kwana biyu ko uku, ciwon kai ya lafa, hannu ya ɗan saki, har dangi su ce ta warke. Kumburin gefen ƙarin ne ya sauka, ƙarin yana nan. Yana kuma ɗaga sukarin jini da hawan jini, don haka a riƙa aunawa. Kada a ba ta asfirin ko wani maganin ciwon kai na tebur sai an tambayi likita, saboda wasunsu suna tsinka jini, kuma duk wani sassaƙe ko jiƙo da take sha a faɗa masa. Kada a bar ta ita kaɗai kusa da murhu ko bakin rijiya. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da ita a gefenta, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kanta, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa. Idan ta wuce minti 5, ko ta maimaitu ba ta farfaɗo ba, ko kuka ga amai da sassafe tare da ciwon kai mai tsanani, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko magana ta rikice, ko gani ya dushe, wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a wannan sa'a ko da tsakar dare ne. Tsakanin Tawa da Yamai kusan kilomita 550 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiya ce mai tsawo ga mai irin wannan ciwo, saboda haka idan kuna da ƴan uwa a Yamai, ya fi ta zauna wurinsu har a gama, a huta da kai da kawowa. Ka kuma fara yi wa samarin gidanku maganar ba da jini tun yanzu.

A duk wasiƙarka na ji ra'ayin likita, da na kawu, da na dangi, da na maiɗakinka, amma ban ji na Hajiya ba. Mace ce mai shekara 57 da hankalinta, kan nata ne, kuma ita ce za ta kwanta a gadon tiyata ko a gadon injin. Mun saba da ɓoye wa iyaye ciwonsu don tausayi, amma wadda hannunta ya yi nauyi har ta faɗi ta riga ta san ba ƙaramin abu ke damunta ba, kuma shirun da kuke yi mata yana iya zame mata abin tsoro fiye da gaskiyar. Ka zauna da ita tare da ƴarta ko ƙanwarta da ta fi sakewa da ita, ka faɗa mata da Hausa mai sauƙi cewa wani tsiro ne a cikin kai, likita yana ganin ba na daji ba ne, yana kuma ganin za a iya cire shi, ga haɗarin yi, ga haɗarin bari. Ka bar ta ta yi tambayoyinta, ka shigar da ita wurin likita ta ji da kunnenta, kuma idan da Faransanci yake bayani ka nemi ya yi da Hausa ko a samo mai fassara. Idan ta ce a yi, ka sanar da kawu cewa maganarta ce, ka nemi randebu a wannan makon. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunta.